Mai Jita, Mai Ganga, da Mai Facin Taya

Sana'ata facin taya. Da ita na tashi a tashar motar Damagaram tun ina ɗan shekara goma sha biyu, ita ta kai ni Agadas, kuma da ita nake ciyar da iyalina yau a birnin Akron na jihar Ohayo, a Amurka. Ban iya kaɗa komai ba, ko ƙwarya. Na faɗa tun da wuri don kada a zaci masanin kiɗa ne ke magana. Labarin wasu makaɗa biyu 'yan garin nan zan bayar, waɗanda ake kira The Black Keys, amma dole in gauraya shi da nawa, domin akwai ranar da labarin nasu ya shigo har cikin shagonmu ya tona mini asiri.

A 1997 muka tafi Agadas, ni da taubashina, ɗan ƙanwar babana. Wata huɗu ya ba ni a haihuwa, kuma har gobe bai bari na manta ba. Tun muna yara ba ya kirana da sunana, sai "bawana", ni ma haka nake ce masa, kowa na ikirarin shi ne ubangida. Lokacin an riga an yi sulhun 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawaye, hanya ta fara lafawa, manyan motoci sun koma shiga Tenere zuwa Dirku da Libiya. Sai ka ga mota an labta mata kaya da jarkokin ruwa, mutane sun ɗare can bisa kamar balbelu a kan kuka. Irin wannan mota ba ta barin taya ta tsufa da mutuncinta, don haka aiki kam mun same shi. Da guduma da ƙarfen banƙara muke raba taya da wili, mu goge tif, mu shafa sholisho, mu ɗora faci mu gasa. In la'asar ta yi sanyi a ɗora shayi a kan gawayi, wani yaron mota ya ciro kaset daga aljihu.

A nan na fara jin jitar Buzaye. Da fari ba ta shige ni ba. Ni da na tashi da kalangu da gurmi, da waƙar da ake jera wa mutum kirari, sai na ji kamar makaɗin ya kama layi ɗaya ya ƙi saki. Taubashina ne ya fara kamuwa. Ya ce mini, "Bawana, kai jira kake kiɗan ya kai ka wani wuri. Ba inda zai kai ka. Zama ake yi a cikinsa." Gaskiyarsa. Jita tana juya abu guda, tafi yana biye da ita, har ka daina lissafin lokaci, kamar ƙugin inji a doguwar hanya da tsakar dare. Mun sha tsayawa a bayan taro a gidajen biki, inda ake jona jita da batirin mota, ƙura na tashi, mata na rangaɗa guɗa. Shekara bakwai muka yi a haka.

Shi ya riga ni fita. A 2004 ya samu biza ya tafi Niyok, ya shiga tuƙin tasi. Ni kuma na ci cacar biza, na sauka a 2006. Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi ya sauke ni a gidansa a Columbus har wata uku, ko sisi bai karɓa ba, Allah ya jiƙansa da rahama. Shi ya samo mini aiki a wani shagon tsofaffin tayoyi a Akron, tafiyar awa biyu daga can.

Ban san inda Allah ya jefa ni ba sai da mai shagon, wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar taya, ya zaunar da ni. Ashe sunayen nan da na yi shekaru ina karantawa a jikin tayoyi a Agadas, Goodyear da Firestone da BFGoodrich da General, duk a garin nan aka haife su. An kafa Goodyear a 1898, Firestone a 1900, har ana yi wa Akron kirari da babban birnin roba na duniya. Tsohon ya ce a da in mace ta shanya fararen kaya, kafin la'asar baƙin toka ya sauka a kansu, kuma ba mai gunaguni, don warin roba shi ne warin albashi. A 1960 mutanen garin sun kai 290,000. Daga nan masana'antu suka dinga rufewa, zuwa farkon shekarun 1980 an daina ƙera tayar motar gida a garin, sai ta motocin tsere. Yau mutanen wajen 190,000 ne. Wato dai ni mai faci na iso garin taya bayan kasuwa ta watse. Abin da na tarar manyan gine-ginen jan bulo ne, tagogi a farfashe, ciyawa ta tsiro a bakin ƙofa.

Wata safiya cikin Fabrairun 2007, ana irin sanyin da in ka kama sifana ba safar hannu sai ta manne maka a fata, yaron shagon, wani Bature ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya sa faifai a rediyon da ke rataye kusa da injin iska. Jita ta shigo da wata murya mai kaushi kamar an ja ƙarfe a kan siminti, ganga ta biyo ta da nauyi, suka kama layi ɗaya suka ƙi saki. Na ajiye tayar da ke hannuna. Da guntun Turancina na tambaye shi ko mutanen ƙasarmu ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce 'yan nan garin ne, sakandare ɗaya suka yi da yayarsa. Na ce su nawa ne? Ya ɗaga yatsu biyu. Na ce ƙarya ne, mutum biyu ba sa cika ɗaki haka. Ya miƙo mini kwalin faifan. Sunansa Rubber Factory, wato masana'antar roba.

Yaron nan shi ya zama malamina a wannan fanni, ni kuma na koya masa yadda ake gano huji da yawu ba sai an tsoma taya a ruwa ba. Mai jita da waƙa shi ne Dan Auerbach, haifaffen 1979. Mai ganguna Patrick Carney, haifaffen 1980. Unguwa ɗaya suka tashi, gidaje kaɗan ne tsakaninsu, suka yi sakandaren Firestone, makarantar ma sunan taya gare ta. Ba wasu aminai ba ne a lokacin: Dan kyaftin ne na ƙwallon ƙafa, Patrick kuwa wani dogo ne mai tabarau da ba ya shiga mutane. 'Yan'uwansu ne suka tura su su riƙa kiɗa tare. A 2001 Dan yana so ya ɗauki 'yan waƙoƙi da zai nuna wa masu gidajen rawa don su ba shi wasa, Patrick kuma yana da 'yar na'urar ɗaukar sauti a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da yake zaune. Aka sa rana. Ranar ta zo, cikin abokan kiɗan Dan ba wanda ya leƙo. Maimakon a tashi a banza, Patrick ya zauna a kan ganguna. Waƙoƙin da suka ɗauka su biyun su suka aika wa kamfanonin faifai kamar goma sha biyu, wani ƙaramin kamfani na Los Angeles mai suna Alive ya karɓe su ba tare da ya taɓa ganinsu a dandali ba. Dukansu suka watsar da karatun jami'a. Sunan ƙungiyar ma tsintarsa suka yi: akwai wani mai zane a garin, mai larurar ƙwaƙwalwa, da iyayensu maza suka sani, wanda in ransa ya ɓaci yakan bar musu saƙo a waya yana kiransu da sunan baƙaƙen maɓallan fiyano. Zagin nan suka ɗauka suka mai da shi suna.

Abin da ya kama zuciyata a labarin nasu shi ne talaucinsa, don na gane shi. Wasansu na farko a Cleveland, cikin Maris 2002, mutum wajen takwas ne suka kalla. Yankan ciyawa suka yi wa wani mai gidajen haya kafin su tara kuɗin fita yawon wasa. Faifansu na farko, The Big Come Up na 2002, a ɗakin ƙasan nan suka yi shi. Na biyu, Thickfreakness na 2003, cikin awa goma sha huɗu suka ɗauki mafi yawansa, zama ɗaya. Da mai gida ya sayar da gidan suka rasa ɗakin, sai suka kama hayar bene a tsohuwar masana'antar General Tire da aka yi watsi da ita, suka yi Rubber Factory a 2004 da wata tsohuwar na'urar haɗa sauti da kullum sai ta ba su matsala. Yaron shagon ya taɓa bi da ni ta gaban ginin kafin a rushe shi. Na tsaya ina kallo, ina cewa a raina wataƙila daga irin ɗakunan nan kakannin tayoyin da na yi wa faci suka fito. A kantin faifai ana jera su a layin alternative rock, wato rok ɗin da ya kauce wa babban titi, na waɗanda manyan gidajen rediyo ba su cika kulawa da su ba. Ni dai a kunnena kiɗan masu faci ne: abin da ke hannu, da shi ake yi.

Kuma kunnen nawa bai yi ƙarya ba ranar farko. Uban gidan Dan a jita, ko da yake a faifai ya koya daga gare shi, wani baƙar fata ne na tuddan arewacin Misisipi mai suna Junior Kimbrough, wanda ya rasu a 1998. Salon buluz, wato tsohon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka, na yankin nasu ba ya yawan sauya murya. Makaɗi ya kama zango ɗaya ya yi ta juya shi har mai rawa ya manta da kansa. Kamfanin Fat Possum da ya fitar da Kimbrough da R.L. Burnside shi ya ɗauki yaran nan a faifansu na biyu, kuma a 2006 suka yi wani ɗan faifai, Chulahoma, na waƙoƙin Kimbrough zalla, sunan ƙauyen da gidan rawarsa yake. Wanda ya taɓa sauraron Ali Farka Ture na Mali ya san me ya sa ake cewa kiɗan nan da na Sahel jininsu ɗaya. Na aika wa taubashina faifan ta gidan waya. Ya bugo mini daga cikin tasi, ya ce, "Bawana, wane Buzu ne ya koyi Turanci haka?"

A 2008 tattalin arzikin Amurka ya karye, namu kuma ya tashi. Mutumin da aka sallama daga aiki ba ya sayen sabuwar taya, tsohuwa mai sauran rai yake nema. Tasi ta daina kawo wa taubashina abin kirki, sai ya tattaro ya dawo Akron a farkon 2009, muka haɗa 'yan kuɗinmu muka kama wani tsohon gareji. Rabon aiki ya yi kansa. Shi ne mai baki: ciniki, littafi, waya, lallashin wanda ya zo da faɗa. Ni ina can baya da inji da jak. Yakan ce shi ne Dan, ni ne Patrick, in yi ta duka shi yana waƙa. Ranar da na ba shi labarin cewa tun suna fama an taɓa yi musu tayin fam 200,000 don a sa waƙarsu a tallar mayonis a Ingila, suka ƙi, wai kada masoya su ce sun sayar da kansu, sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce, "Waɗannan ba su taɓa kwana da yunwa ba." Su ma daga baya sun yi da-na-sani, suka buɗe ƙofa, har ta kai ba ka kunna talabijin ba ka ji su a tallar mota ko ta waya ba. Wasu masoyansu sun yi ta tsaki. Ni ban ga laifinsu ba. Mai tsakin ba shi ke biya musu kuɗin haya ba.

To ga inda nake so a saurara. Bayan faifansu na 2008, Attack & Release, wanda a karon farko suka shiga cikakken situdiyo da furodusa na waje, Danger Mouse, zama ya yi tsami tsakaninsu. Auren Patrick yana tangal-tangal, magana ta yi ƙaranci. A farkon 2009 Dan ya fitar da faifai shi kaɗai, Keep It Hid, Patrick kuma ya ce bai gaya masa ba, kuma abin ya ƙona masa rai kamar an ci amanarsa. Shi ma ya tara wasu makaɗan Ohayo ya kafa tasa ƙungiyar, ya sa mata suna Drummer, wato mai ganga. Kaɗan ya rage su watse. Daga baya auren Patrick ya mutu, suka zauna suka fahimci juna, a watan Agustan 2009 suka tafi Muscle Shoals a jihar Alabama, wani tsohon situdiyo mai tarihi da ya daɗe ba a aiki a cikinsa, suka kai nasu kayan, cikin kwana goma suka ɗauki yawancin faifan da suka sa wa suna Brothers, 'yan'uwa. Ya fito a watan Mayun 2010, kuma shi ya fitar da su daga layin gefe. Ya jawo lambobin Grammy, manyan lambobin yabon kiɗa na Amurka, har uku a 2011, ɗaya ma ta ƙanen Patrick ce, wanda ya tsara kwalin. El Camino ya biyo baya a Disamban 2011, a 2012 suka cika babban zauren Madison Square Garden na Niyok maƙil. A lokacin sun riga sun bar Akron sun koma Nashville, abin da har yau wasu 'yan garin ke riƙe da shi a rai.

Duk wannan a mujallu na karanta, don da labarinsu nake gyara Turancina, ina bin kalma da yatsa. Kuma na ɗauki ɓangare. Ni ɗan gidan mai ganga ne. Na sha tsayawa a tsakiyar shago da sifana a hannu ina yanke wa Dan hukunci. Na ce mutumin da kuka yanki ciyawa tare, kuka kwana a mota ɗaya, a ce ka yi abu a bayan idonsa? Na ce ko ba ka nemi izininsa ba, ai ka faɗa masa. Na kira shi maci amana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Taubashina yana ji, yana dariya.

A watan Satumban 2012 na sayi motar janwe. Mun taɓa maganarta, ya ce a dakata, inshorarta da tsada, kuma ba ya son mu raba hankali biyu. Ni kuma ina ganin kuɗi na wucewa ta gabanmu kullum, don duk motar da ta fasa taya a babban titi wani ne ke jawo ta, shi zai fara cin nasa kafin mu. Na cire daga rabona, ba sisinsa a ciki, da wannan na yi ta lallashin zuciyata. Na yi mata takardu da sunana ni kaɗai, na ajiye ta a wani fili can nesa da shago, ina fita da ita da dare. Na ce zan gaya masa in ta fara kawo riba. Sati biyar ana haka. Sai wasiƙar inshora ta zo da adireshin shago, kuma shi ke buɗe wasiƙu. Na fito daga bayi na tarar da ita a shimfiɗe a kan injin cire taya, an danne ta da noti. Bai ce uffan ba. Da yamma zai tashi, ya kira ni da sunana na yanka, ya ce in rufe ƙofa in na gama.

Wanda bai san taubasantaka ba ba zai gane nauyin wannan ba. Shekara talatin da 'yan kai ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya koma yi mini magana da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Ina kwana, lafiya lau, ga rasit, an gode. In akwai abin da ya fi haka sai ya aiko yaron da muka ɗauka aiki. Cika-ciki ya zo a watan Nuwamba, ranar da kowace shekara sai mun yi rigimar wa zai ba wani kuɗin shara, ya wuce shiru. Matanmu suka daina aika wa juna kwano. Gwaggo ta bugo daga Damagaram ta ce, "Ɗana, me ya shiga tsakaninka da ɗan'uwanka?" Na ce ba komai, Gwaggo. Ta ce, "Ƙarya kake yi. Wata biyu ke nan in mun yi waya ba ya zaginka." Limaminmu ma ya ja ni gefe bayan Juma'a, na ce masa kuɗina ne na saya da su, ban ci haƙƙin kowa ba. Ya dube ni ya ce shi bai yi maganar kuɗi ba. Duk da haka na taurare. Wata bakwai muna shago ɗaya, faɗinsa bai fi ɗaki uku ba. Faifan Black Keys ma na daina sawa, ban kuma tambayi kaina dalili ba.

A watan Fabrairun 2013 El Camino ya ci Grammy na faifan rok, Dan kuma aka ba shi lambar furodusan shekara. Cikin Afrilu sai ga tsohon yaron shagonmu na farko, ya zama magidanci, ya zo canza taya ya miƙo mini faifai, ya ce wannan karon da gaske mutumin ƙasarku ne. Sunan faifan Nomad, na Bombino, Omara Moctar, Buzun yankin Agadas haifaffen 1980. Tawayen 1990 ya kore shi Aljeriya yana yaro, na 2007 ya kore shi Burkina Faso, ya dawo a Janairun 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, masallacin nan mai doguwar hasumiyar laka da muke hangowa daga wurin aikinmu. Dan Auerbach ne ya ji kiɗansa, ya gayyace shi situdiyonsa na Nashville, ya ɗauki faifan. Wato abin da kunnena ya haɗa a 2007 ina cikin sanyi, ga shi an haɗa shi a zahiri.

Ranar Asabar ce. Ƙanƙara ta narke ta bar ramuka a tituna, lokacin da aiki ya fi yi mana yawa. Na sa faifan ban ce komai ba. Jitar ta shigo, murya ta biyo da Buzanci. Dan ya ƙara masa kayan kiɗa da kauri, amma ƙashin bayan na gida ne, har ƙamshin gawayin shayi sai da na ji. Taubashina yana kan tebur da rasit. Waƙa ta farko ta ƙare, ta biyu ta yi nisa, sai ya ɗago kai ya ce, "Na ina ne wannan?"

Na ce, "Na Agadas. Dan ne ya ɗauke shi a Nashville."

Ya ce, "Wane Dan? Maci amanar?"

Na ce shi. Ya yi shiru, ya juya biro a hannunsa, sannan ya ce, "To kai da shi, wa ya koya wa wani?"

Wallahi har ga Allah sai a wannan lokacin na gani. Laifi tudu ne, na taka nawa shekara biyu ina hango na wani Bature da bai san ina duniya ba. Na kashe injin iska, na zo na tsuguna a gaban teburin kamar yadda ake yi a gida, na ce, "Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini." Ban taɓa ce masa Yaya ba sai ranar. Ya ce, "Ba motar ce ta dame ni ba. Da ka zo ka ce ka ƙi shawarata, saye za ka yi, da na zage ka kwana biyu, rana ta uku in raka ka mu duba injinta. Amma a bakin 'yan inshora zan ji? Mu da muka raba bargo ɗaya a Agadas?" Ban da amsa. Wata mata ta shigo da taya a hannu, ta ga ƙato a tsugune, ta ja da baya. Ya ce mata ta shigo, ya miƙe, ya bi ta gefena ya ce, "Tashi ka ƙara sautin nan, bawana."

Ranar Litinin muka je ofishin takardun mota aka ƙara sunansa. Ya biya rabin kuɗin kaɗan-kaɗan cikin shekara guda, bayan ya zaftare abin da ya kira kuɗin sharar bara da tarar jinkiri.

Sau ɗaya muka ga Black Keys ido da ido, a 2014, shekarar da Turn Blue ya zama faifansu na farko da ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. A babban zauren ƙwallon kwando na Cleveland aka yi. Na san wani zai ce me ya kai ɗan Musulmi irin wannan wuri, kuma ban zo gardama ba. Mun yi magariba a filin ajiye motoci a gefen janwe, muka shiga da ruwan gora. Su huɗu ne a dandali, don tun 2010 suke ɗaukar 'yan taya kiɗa in za su fita. Dubban mutane na ihu, ni kuwa ina tuna mutum takwas ɗin nan na 2002, a garin nan dai. Gaskiya kiɗan ya yi mini santsi da yawa. Na fi son na ɗakin ƙasa, wanda kake jin kamar na'urar za ta kama wuta.

A Janairun 2015 Patrick ya goce kafaɗa a wurin iyo, aka soke wasanni, bayan sun kammala yawon suka yi shiru da sunan ƙungiya har 2019, kowa na harkarsa, sannan suka dawo da Let's Rock. Bombino kuma faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar Grammy. A 2021 Black Keys suka yi faifan Delta Kream, suka koma wa waƙoƙin Kimbrough da Burnside tare da Kenny Brown da Eric Deaton, mutanen da suka yi kiɗa da tsofaffin da kansu. A ganina tun Brothers ba su yi wanda ya kai shi ba. A 2024, bayan faifansu Ohio Players, suka soke yawon manyan zaurukan da suka shirya a Amurka, jaridu suka ce tikiti bai tafi ba, suka kuma rabu da manajojinsu. Da na karanta wa taubashina, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ai akwai ciyawa a Akron in suna neman aiki.

Janwen ta yi mana shekara goma. Gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara ya cinye mata ciki, a 2022 muka sayar wa masu gwangwan. Faifan Nomad ya daɗe da maƙalewa a rediyonta, ba ya fita, shekaru shi kaɗai take yi duk wanda ya fita aikin dare. Safiyar da za a zo ɗaukarta na iso na tarar da taubashina a kwance a ƙasan sitiyari da sukuddireba, ya kwance rediyon ɗungurungum, yana ta zagin wanda ya ƙera shi. Awa guda ya yi kafin ya zaro faifan. Ya karce, in ya kai waƙa ta uku sai ya yi ta tsalle. Yana nan a shago, a cikin akwatin da muke ajiye rasit.